Faɗuwar Kala Suuru

Da tsinken ashana Mumuni yake bin gefen maɓallan maneti, ɗaya bayan ɗaya, yana tono dauɗar da gumin hannu ya tara, ya goge a gwiwar wandonsa, ya hura, ya koma na gaba. Kullum bayan sallar azahar haka yake yi wa abin riƙe wasan nan, ko an yi wasa ko ba a yi ba. A kwanakin nan kuwa ba a cika yi ba. Ɗakin wasansa yana wani lungu na unguwar Kalley a Yamai, bayan layin masu gyaran waya, da tele huɗu da benci uku. Tun da soja suka karɓi mulki aka rufe iyaka, kuran, wato wutar lantarki, ya zama baƙo mai zuwa lokacin da ya ga dama, ya kunna fanka ya tafi ba sallama. Telen nan huɗu suka koma baƙaƙen madubai, ba abin da ake kallo a cikinsu sai fuskar Mumuni da hasken ƙofa a bayansa.

Da ya gama ya naɗe manetin da akwatin wasan a tsohon tawul, ya cusa a jaka, ya fito yana ɗaure ta a bayan babur. Hasan mai gyaran waya ya ɗago kai daga teburinsa.

"Baban Halimatou, sai Goudel? A gaida matar nan da ta hana ka barcin rana."

"Za ta ji."

"Yau kwana nawa ke nan tana kashe ku?"

"Ka gyara wayar mutane, Hasan."

Kwana ashirin da uku ke nan, amma bai faɗa ba. A Goudel, can bakin kogi, amininsa Isaka na zaune cikin ɗaki mai duhu yana jiransa. Idon Isaka yana tafiya. Na hagu ya riga ya tafi, na dama yana tattara kayansa. Kuma abu ɗaya ya roƙa wurin Mumuni, bai ce a nemo masa magani ba, bai ce a kai shi wurin malam ba. So yake ya ga faɗuwar Kala Suuru sau ɗaya tak kafin idon ya rufe.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane wannan roƙo.

Mumuni ɗan tela ne. A unguwar Zongo aka haife shi, a bayan shagon ubansa da ya taho daga Birnin Konni da keken ɗinki da almakashi biyu. Ya yi shekara shida a lekol, makarantar boko, ya fito da Faransancin da ya isa karanta allon kanti da takardar magani, aka zaunar da shi yana dasa maɓallan riguna. Kowa ya san yatsunsa da sauri, kowa kuma ya san zuciyarsa ta fi yatsun sauri. In an ɗora shayi, ba ya iya jiran zagaye na biyu.

Yana da shekara goma sha tara, a lokacin ma soja ne ke riƙe da ƙasa, wani mutumin Togo ya buɗe ɗakin wasa a kusurwar layinsu. A cikin faya-fayansa akwai wani wanda ba a iya karanta sunansa ba, don rubutun kamar sawun kaza yake. Samarin Zongo suka sa masa Hasumiya, tunda ba abin da ake yi a ciki sai hawa, bene bayan bene, da takobi a hannu, har a kai ƙololuwa. A can dodon ƙarshe yake tsaye, ƙato cikin shuɗin sulke da hular ƙarfe, yana jan sarƙa. Duk wanda ya isa gabansa ba ya cika minti ɗaya. In ya kashe ka sai ya tsaya a kanka ya yi magana da wata murya mai kauri, ta fito ta yagaggiyar lasifikar telen. Allah kaɗai ya san da wane harshe yake yi. Amma kunnen Yamai ya ji abin da ya ji: "Kala suuru." Da Zabarmanci ke nan, sai haƙuri. Maganar da ake yi a gidan rasuwa da bakin famfon da ya ƙi kawo ruwa, ita ce dodo yake yi wa gawarka. Ranar farko samari har birgima suka yi a ƙasa don dariya, sunan kuma ya bi shi.

Isaka ɗan masu lambu ne. Kullum da safe yakan kawo latas da tumatir kasuwa, in kaya sun ƙare ya ratso ta Zongo da kwando a ka, ya tsaya bayan benci yana kallo. Sau ɗaya ya taɓa riƙe maneti, ya matse shi da yatsun da suka saba da garwar ban ruwa, mai ɗakin ya ƙwace kayansa yana ihu. Amma Isaka yana da ido. A bakin kogi ya tashi, ya san inda kifi zai juya tun ruwa bai motsa ba.

"Kai, ɗan tela," ya ce wata rana, bayan Mumuni ya mutu karo na shida. "Kafaɗarta tana yin ja kafin ta kawo duka."

"Kafaɗarsa. Namiji ne."

"To. Sau uku take yi."

"Yake yi! Kai Bazabarme, ƙato da sarƙa kake ce wa ta?"

Isaka bai damu ba. Hausarsa ta kasuwa ce, harshen gidansu kuma bai raba ya da ta ba, duk wanda ya fara zuwa bakinsa shi yake ɗauka. Ya ajiye kwando ya tsuguna kusa da Mumuni.

"Koma can lungun hagu, na ga sarƙarta ba ta kaiwa. Ka tsaya. In na ce yanzu, ka fito ka sara sau ɗaya ka koma. Sau ɗaya, ɗan tela, ba ɗinki ba ne."

Haka su biyu suka shiga wasan da aka yi don mutum ɗaya. Isaka ne ido, Mumuni ne hannu. Kafaɗa ta yi ja, Isaka ya ƙidaya da harshensu, ya ce afo. Ta sake, ihinka. Ta sake, ihinza. Sarƙa ta wuce, ya ce yanzu. Mumuni ya fito ya sara ya koma lungu yana cizon leɓe, don duk jikinsa so yake ya ƙara, Isaka kuwa ya riƙe masa gwiwar hannu kamar mai riƙe akuya a bakin lambu. Sati uku suka yi suna koyon jira. Ranar wata Laraba, da mutum kusan ashirin a bayansu har bakin ƙofa, suka kai sara na talatin da ɗaya, dodon ya saki sarƙa, sai telen gaba ɗaya ya yi fari. Fari fat, ba rubutu, ba zane, har fuskokin da ke ɗakin suka haskaka. Isaka ya ce kamar kogi ne da tsakar rana, in ka kalle shi daga cikin kwalekwale. Ba wanda ya yi ihu sai da farin ya dushe.

Daga wannan Larabar rayuwar Mumuni ta kama hanyarta. Ya bar keken ubansa, tsohon ya yi damina biyu ba ya amsa masa gaisuwa. Ya yi wa ɗan Togo aiki, da mutumin ya tashi komawa gida ya bar masa akwatin da faifan, shi kuma ya buɗe nasa ɗakin a Kalley. Ya auri Tabawa, suka haifi Halimatou, wadda yanzu take koyon aikin jinya, har yau kuma ba ta gane abin da ubanta ke yi da yininsa ba. Ba a taɓa jin ya yi arziki ba, ba a kuma ji ya ɗaga wa kowa murya ba. Wanda a da ba ya jiran shayi shi ne ya zama mai haƙurin da ake misali da shi a layi. Duk shekara bayan ƙaramar salla Isaka yakan zo da latas a leda, su tura ƙofa, su hau Hasumiya, su kayar da Kala Suuru, su kalli farin har ya dushe, sannan su ɗora shayi. Shekara ashirin da huɗu ba su fasa ba.

Bana ce ta zo da nata. Daminar da ta wuce ta yi rowa, kogi ya ja da baya da wuri, tiyon injin ban ruwan Isaka ya daina kaiwa ruwa, latas ya ƙone a tsaye. Ciwon sukarin da ya yi shekara takwas yana lallaɓawa ya samu ƙofa, don maganin da ya saba sha ya yi wuyar gani a farmasi, in an samu wannan wata ba a samu na gaba ba. Sai ya fara ganin hayaƙi inda babu wuta. A Kalley kuma, wata rana kuran ya dawo da ƙarfi bayan dogon yankewa, tsohon akwatin ya yi ƙara kamar an fasa gyaɗa, ya yi wari, ya mutu. Hasan ya buɗe shi ya duba, ya mayar da murfin ya ce ba ya gyaruwa. Faifan ya tsira, amma duk faɗin Yamai Mumuni bai samu akwatin da zai karanta shi ba.

Hasan ɗin ne kuma ya zo da labari, ashe masu wasan sun sake ɗinka shi sabo don sababbin akwatuna, irin waɗanda ke ɗakin Mumuni yanzu. Wani direba ya shigo da faifan ta doguwar hanya, bayan sati biyar cikin ayarin manyan motoci. Mumuni ya hau benayen duka shi kaɗai a Kalley, da safe lokacin da kuran ya fi zama, ya kai ƙofar ƙarshe ya tsaya bai shiga ba. Wannan ƙofa ba ta mutum ɗaya ba ce. Tunda Isaka ba ya iya keta gari cikin rana yanzu, akwatin ne ya riƙa zuwa wurinsa.

Ɗakin Isaka na ƙasa ne, ƙofarsa ta kwano tana kallon yamma. Wurin jona wuta ɗaya ne a ciki, a jikin bango dab da ƙofar, don haka a nan aka ɗora tele a kan kujera. Zeinabou matar Isaka ta rataya bargo a taga, ta toshe ramukan ƙofa da tsumma, saboda ya ce a duhu ya fi gani. Zafin bazara yana dafa su a ciki, fanka juya shi kawai take yi.

Ranar farko, da ƙofar ƙarshe ta buɗe, Mumuni ya manta da yatsunsa. Sama ce mai hadari, ga hayaƙi, ga toka na sauka kamar yayyafi, ana jin sarƙa tana jan dutse. Dodon ya fito daga duhu a hankali, ya kai hannu ya cire hular ƙarfe ya jefar. Gashi ya zubo har gadon baya.

"Me ya faru?" in ji Isaka, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Me ta yi?"

Mumuni ya ƙura wa gashin ido.

"Ɗan tela!"

"Mace ce."

Isaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Zeinabou ta leƙo da kofin ruwa.

"Zeinabou, zo ki zama shaida! Shekara ashirin da biyar Bahaushen nan yana gyara mini Hausa. Ashirin da biyar!"

"Sa'a ka yi."

"Ido ne. Ce ta. Ce ta in ji da kunnena."

"Ta kashe mu," in ji Mumuni, don kuwa ta riga ta kashe su suna surutu.

Ta tsaya a kan gawar ta yi magana, da Faransanci tsaf kamar mai karanta labarai a rediyo. Ba kala suuru ta ce ba. Cewa ta yi, ka makara.

Dariyar Isaka ta tsaya. "Mu muka makara? Mara kunya. Tsohuwar tana da tarbiyya, ko ta kashe ka sai ta yi maka ta'aziyya."

A kwanakin da suka biyo baya Mumuni ya gane ba hula kaɗai aka cire ba. Lungun hagu babu shi, filin zagayayye ne kamar matankaɗi, duk inda ka tsaya sarƙa tana kaiwa. Kafaɗa ba ta yin ja. Abin da ya rage na alama shi ne wata 'yar karkata ƙafa da take yi cikin hayaƙi, wadda mai ido biyu ma sai ya ƙura. Abin da ya fi ciwo, in ka ja da baya ka tsaya jira, jinin da ka rage mata sai ya riƙa komawa, jan layin da ke saman tele ya cika kana kallo. Tsohon dodo haƙuri ne ke kashe shi, wannan kuwa haƙurinka ne abincinta. Faɗan tsohon minti bakwai ne. Nata ya kusa rabin awa, in kuma kuran ya tafi a tsakiya sai a koma bakin ƙofa. Sau biyar ya tafi a tsakiya. Sau uku bai zo ba sam, suka zauna a duhu suna jin kukan tantabarun maƙwabta.

"A lokacin nan da ina ban ruwa na biyu," Isaka ya ce a ɗaya daga cikin ranakun. "Ka san latas yana yin ƙara in ya sha? Ƙasa-ƙasa, kamar ana taka takarda."

"Damina za ta zo."

"Za ta zo. Wani zai gan ta."

Mumuni ya naɗe manetin a tawul. Aka kira la'asar, ya kama hannunsa ya kai shi inda buta take.

In kuran ya zauna kuwa, Isaka yana ƙidaya. Afo, ihinka, ihinza, yanzu. Mumuni ya fito ya sara, sarƙa ta same shi a iska. A satin farko ya ɗauka Isaka bai saba da sabuwar ba ne. A na biyu ya lura ƙidayar ba ta canjawa, ko matar tana duka, ko tana tafiya, ko tana tsaye. Tazarar da ke tsakanin afo da ihinka ita ce ta Zongo, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Ya saci kallonsa. Fuskar Isaka ba ta kan hoton sosai, ta ɗan karkata wajen da sauti ke fitowa. Ba gani yake yi ba, daga ka yake karantowa.

Mumuni ya mayar da idonsa kan tele. Aka ce yanzu, ya danna, ya mutu.

Wata rana da zai tafi gida, Zeinabou ta bi shi har bakin babur, tana goge hannu a zane.

"Baban Halimatou, ka dai san ba ya ganin komai a cikin abin nan?"

"Yana gani kaɗan."

"Jiya turmi ya tsaya yana gaisarwa. Ya ɗauka ni ce a tsugune." Ta ɗan yi dariya, ta haɗiye ta. "Likita ya ce haske da duhu ne kawai suka rage masa, su ma ba za su daɗe ba. Ni ban san wasanku ba. Amma ya ce mini ba sai ya ga matar ba, farin kaɗai yake jira. Wai in ya zo, ko makaho zai san ya zo. Wane fari ne wannan?"

"Na ƙarshe ne. In ta faɗi."

"To ku kayar da ita mana. Me kuke jira?"

Mumuni ya shiga ɗaure jakarsa a bayan babur. Yaya zai gaya mata in ya bi bakin mijinta matar nan ba za ta taɓa faɗuwa ba, in kuma ya bi idon kansa mijinta zai ji a ƙarar maɓallai cewa an daina bukatarsa?

Daga ranar ya shiga abin da bai taɓa yi ba. Da safe a Kalley sai ya tura ƙofa, ya shiga wurin matar shi kaɗai, kamar mai zuwa zance a ɓoye. Ya koyi karkatar ƙafarta. Ya tono saurin nan na ƙuruciya da Isaka ya yi shekaru yana danne masa, ya tarar ya tsufa, babban yatsan dama yana ƙagewa. Kwana shida yana mutuwa. A na bakwai ya rage mata jini har saura faɗin farce, sai ya miƙa hannu ya kashe akwatin. Bai yarda ya ga abin da ke bayan faɗuwarta ba, don na Isaka ne.

Shi ya sa yau ya daɗe a kan maɓallan fiye da kullum.

Ya bar Kalley, ya tarar soja sun tare titin da ya saba bi, ya zagaya ta baya. Daga kan tudu ya hango kogi, ya koma tsibiran yashi da ɗan zaren ruwa, shanu na tsaye a tsakiyarsa. Tun daga tsakar gida ya jiyo fanka tana juyawa.

"Ka makara," in ji Isaka daga cikin duhu, yana kwaikwayon muryar matar.

"Hanya aka tare."

"Kullum hanya. Zauna, tun ƙarfe ɗaya kuran ya zo, ban yarda da shi ba. Rufe ƙofar da kyau."

Mumuni ya rufe, ya mayar da tsumma a ramuka, ya jona akwatin, ya zauna a tabarma. Hannun Isaka ya laluba ya samu gwiwar hannunsa ya riƙe. Matar ta fito, ta jefar da hula.

"Afo," in ji Isaka.

Mumuni ya riga ya shiga. Ya ga ƙafar ta karkata, ya kauce, ya sara biyu, ya bi ta baya ya ƙara ɗaya.

"Kana gaggawa."

"Hannuna ne ke rawa."

"Hannunka ba ya rawa, ina riƙe da shi. Ban ce yanzu ba, ɗan tela."

"Na ji."

"Ihinka. Kai! Uku na ji ka danna."

"Manetin ne ya tsufa."

Isaka ya kasa kunne. Sarƙa tana kuka a tele, maɓallai suna ƙas-ƙas ba tsayawa, irin ƙarar keken ɗinki in salla ta matso. Mumuni ya ji yatsun da ke gwiwar hannunsa sun sassauta. Suka ɗan zauna haka, sannan suka zame suka koma cinyar mai su. Wurin da suka bari ya yi sanyi duk da zafin ɗakin. Bayan ɗan lokaci Isaka ya ci gaba da ƙidaya, amma ƙasa-ƙasa, don kansa.

Jan layin yana raguwa. Ya kai rabi. Gumi ya shiga idon Mumuni bai samu hannun gogewa ba. Can fanka ta yi wani nishi ta rage gudu, hoton ya girgiza, su duka biyun suka daina numfashi. Ta sake kamawa.

"Saura nawa?" in ji Isaka.

"Faɗin yatsa biyu."

"To kala suuru. Ja baya ka tsaya. Kada ka yi wauta yanzu."

Shekara ashirin da biyar wannan murya ba ta taɓa ce masa tsaya ya ƙi ba. Ƙafar matar ta karkata cikin hayaƙi. Mumuni ya shiga ƙarƙashin sarƙar ya sara, ya sara, ya sake sara.

Ta saki sarƙa.

Bai kalli tele ba. Juyawa ya yi ya kalli fuskar Isaka, don a can yake so ya ga farin ya sauka. Kiɗan faɗa ya yanke. Ya jira. Fuskar tana nan a duhunta. Ya waiwaya ya ga matar ta durƙusa a hankali, hayaƙi ya taso ya rufe ta, toka ta rufe hayaƙin, hoton ya riƙa dushewa daga gefe zuwa tsakiya har telen ya koma baƙin madubi. Sai wasu ƙananan sunaye suka fara hawa, sirara, kamar tururuwa a bango. Masu sabon ɗinkin sun ga duhu ya fi kyau.

"Ba ta yi magana ba," in ji Isaka. "Mumuni? Ba ta ce mun makara ba."

Rabon da ya kira shi da sunansa har an manta.

Isaka ya matso gaba a kan gwiwoyinsa, ya sa yatsa biyu ya buɗe fatar idonsa na dama. "Fanka na juyawa, ba kuran ba ne. Ta faɗi ko? Yana zuwa ko? Na tsohuwar ma yakan ɗan jima."

"Yakan ɗan jima," in ji Mumuni.

Suka jira. Sunaye suna ta hawa, na mutanen da ba su taɓa jin sunan Goudel ba. Mumuni ya danna wannan maɓalli, ya danna wancan, ko akwai wani abu a baya. Babu komai.

"Afo," in ji Isaka a hankali, idon a buɗe, hawaye na taruwa a gefensa don rashin ƙiftawa. "Ihinka."

Mumuni ya ajiye manetin a kan tawul. Ya san in ya zauna har ihinza Isaka zai ji gaskiyar a numfashinsa. Bai yi tunanin komai ba sai ya kai inda ba za a ji shi ba. Ya miƙe, ya laluba, ya ja ƙofar kwano, tsummokaran suka zubo. Rana ta riga ta juya yamma. Ta taho da farin yashin tsakar gida da na kogin da ya bushe, ta faɗo ɗakin gaba ɗaya, ta wuce ta gefen telen ta sauka a fuskar Isaka.

"Ga shi nan!" Isaka ya ɗaga hannu biyu. "Ga shi, ɗan tela! Wallahi kamar kogi. Kana gani? Kana gani kuwa?"

Kwanon ƙofar yana ƙona tafin Mumuni, bai sake shi ba. Zeinabou ta ɗago kai daga bakin turmi tana kallonsa, taɓarya a hannu.

"Ina gani," ya ce.

Ya zura takalmansa, ya tura ƙofar har ta jingina da bango don kada iska ta mayar da ita, ya fita.